Kaskar da Na Raina da Ƙwayar da Na Ƙi Sha

Roni,
Laraba, bayan la'asar.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali, ko a filin jirgi kika buɗe ta, ko sai da kika sauka kika huta. Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare gabanki da bayanki, Ya haɗa ki da mutanen kirki a ƙasar da ba ki san kowa ba.

Ba zan ba ki labarin gida ba, don ina rubutun nan ma ina jiyo ki a tsakar gida ke da mahaifiyarki kuna gardama a kan yawan kuka da daddawar da za ki tafi da su. Takarda na zaɓa saboda abin da zan faɗa miki laifuffukana ne, kuma na san in na zaunar da ke gabana, ke za ki sunkuyar da kai, ni kuma in yi ta kewaye-kewaye har a kira magariba ban faɗi komai ba.

Tun ranar da kika gaya mini cewa ƙarin karatun likitancin dabbobin da za ki je yi a Turai ya haɗa da shiga gonaki da dazuzzuka, hankalina bai kwanta ba. Kin san na taɓa zuwa wancan ɓangare na duniya. Kin kuma san na dawo na yi jinya. Abin da aka gaya muku ku yara a lokacin shi ne Abba ya yi ciwon fuska, Allah Ya ba shi lafiya. Gaskiya ne, amma ba a gaya muku yadda na yi ta taimaka wa ciwon a kan kaina ba.

Kina aji biyu a firamare, ni kuma ina malamin dabbobi, ina zagaya rugage daga nan Roni zuwa Gwiwa da Yankwashi a kan jan babur ɗin nan da kika sani. Sai aka zaɓe mu mu huɗu aka tura mu kwas na wata uku a kan kiwon shanun madara. Mun isa a lokacin zafinsu, ko'ina kore shar, ciyawa har cinya. A sati na biyu aka kai mu wata gona da ta yi iyaka da kurmi. Mai gonar wata dattijuwa ce mai furfura. Kafin mu shiga makiyaya ta tsayar da mu a bakin shinge, ta ce ta bakin tafinta kowa ya cusa ƙafar wandonsa cikin safa, kuma in mun koma masauki mu duba jikinmu kaf, don akwai kaska a ciyawar.

Ummi, dariya na yi. Ni da aka haifa a ruga, tun ban san karatu ba nake cire wa shanun mahaifina kaska da hannu, wasu in sun sha jini sun ƙoshi kamar ƙwayar gurjiya. Na juya na ce wa abokin tafiyata, "Yau kuma ni za a koya wa kaska?" Sauran suka cusa wandunansu, ni na shiga haka nan, da takalmi sau-ciki ko safar ma babu.

Bayan kwana uku ina wanka na ji wani ɗan abu a bayan gwiwata ta hagu. Baƙin ɗigo ne, bai kai ƙwayar riɗi ba. Na sa farce na kankare shi, sai da na ɗora shi a yatsa na ga ƙafafunsa. Na ce a raina, wannan ce kaskar tasu? Na watsa ruwa ta bi rariya. Ban gaya wa kowa ba.

Wajen sati biyu bayan haka wani tabo ya fito a wurin, zagayayye, kullum yana ƙara faɗi har ya kusa tafin hannu. A hotunan gargaɗi kan cizon kaska da suke mannawa a bango, tabon ja ne wur, amma a fatarmu ba haka yake fita ba, duhu kawai wurin ya ƙara, da ɗan ɗumi in ka taɓa. Ba ya ƙaiƙayi sosai, ba ya ciwo. Na ce makero ne, na shafa man da na zo da shi daga gida. Akwai ɗakin shan magani a cikin makarantar, nisansa da ɗakina bai fi daga ƙofar gidanmu zuwa masallaci ba. Ban je ba. Na san in na je, tambayar farko ita ce ko kaska ta cije ni, kuma abokan tafiyata za su ji, su da suka ji dariyata a bakin shinge. Daga baya likita ta gaya mini da na je a ranar, da 'yan ƙwayoyi za a ba ni, maganar ta ƙare a nan.

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma ke ma kina cikin haɗarinsa, don kin fi ni ilimin dabbobi nesa ba kusa ba. Abin da kika sani a gida sani ne na gaske, amma na gida ne. In mutumin wuri ya ce miki ki yi kaza kafin ki shiga dajinsu, ki yi, ko da kina ganin kin fi shi takardu. Ki rufe ƙafafunki. In kin dawo ki duba bayan gwiwa, da hammata, da ƙugu, da bayan kunne, da gindin gashi. In kin ga kaska ki kama ta da matsefata daga kai, dab da fata, ki ja a hankali ta fita gaba ɗaya, ki wanke wurin, ki rubuta ranar. Kada ki zuba mata kananzir ko ki ɗora mata wuta yadda muke yi a ruga. In tabo ya biyo baya, ki nuna shi, ki kuma gaya musu da bakinki cewa a baƙar fata ba lallai ya yi ja ba, don ba kowane likitansu ya saba ganin irin fatarmu ba.

Na dawo gida ana tsakiyar damina. Tabon ya dushe da kansa, na manta da shi. Ban yi sati biyu ba zazzaɓi ya fara taɓa ni, da ciwon kai, da kasala. Na tsaya a wani kemis a Kazaure na ce a ba ni na cizon sauro. Mai kemis ɗin bai yi laifi ba, abin da na nema ya ba ni. Na shanye, zazzaɓin ya lafa, sai wani ciwo ya taso mini daga tsakiyar baya ya zagayo haƙarƙari ya sauka a kafaɗa. Ban taɓa jin irinsa ba. Wani lokaci kamar an ɗora garwashi, wani lokaci kamar ana jan igiya a cikin nama. Da rana da sauƙi, in na kwanta ne yake tashi. Na ce babur ne da hanyar Gwiwa. Mahaifiyarki ta ce mu je asibiti, na ce mata ni ma ai rabin likita ne.

Wata safiya ina alwala, na ɗebi ruwa na kurkure baki, sai ruwan ya zubo ta gefen hagu ya jiƙa mini riga. Na sake ɗiba, ya sake zubowa. Mahaifiyarki tana hura wuta, ta ɗago ta dube ni, sai na ga muciyar hannunta ta faɗi.

Ta ce, "Malam, dube ni."

Na dube ta.

Ta ce, "Innalillahi. Bakinka ya karkace."

Na shiga ɗaki na ɗauki madubi. Ɓarin fuskata na hagu ya sauka kamar ba nawa ba. Idon ba ya rufuwa, in na yi ƙoƙarin rufe shi sai ƙwayar ta juya sama, farin ya bayyana. Ke da kanki da kika fito za ki tafi makaranta, kika gaishe ni, na yi miki murmushi, kika koma bayan mahaifiyarki kika ɓuya. Ba na jin kina tunawa. Ni ina tunawa.

A ranar ya kamata a ce ina asibiti kafin hantsi. Maimakon haka na rufe kaina a ɗaki kwana goma sha ɗaya. Na aika ofis cewa mura nake yi. Na daina zuwa masallaci don kada a gan ni. Baffanki Hamidu, yayana, ya zo daga ruga a Gwiwa, ya dube ni ya ce iska ce ta buge ni a ƙasar da ba a kiran salla. Ya kawo hayaƙi, ya kawo saiwoyi, wani malami ya aiko da rubutu. Duk na yi. Ba ina raina addu'a ba ne, Ummi, ke kin san gidan da kika tashi. Amma ni ba don tawakkali na zauna a ɗaki ba, don kunya ce. Na fi son a ce iska ce da a gan ni a layin asibiti miyau yana zubo mini. Kuma duk wanda ya ce mini asibiti sai in yi masa faɗa, musamman mahaifiyarki, wadda ita ce ke tsaga mini tuwo ƙanana don in iya taunawa da ɓari ɗaya.

Ki riƙe wannan da kyau. Karkacewar fuska, ko mutuwar hannu, ko nauyin harshe, ba abin da ake jira a ga yadda zai kwana ba ne. Tawa ta zo daga jijiyar fuska, amma wata daga ƙwaƙwalwa take zuwa, kuma ba mai iya rarrabe su a gida. Ki yi addu'arki a cikin mota kina tafiya asibiti. Kuma in ciwo ya sa ki ƙunci, ki lura da wanda kike sauke wa, don kusan kullum wanda ya fi kula da ke ne yake kusa.

A rana ta goma sha biyu idon ya yi ja kamar gauta, ya bushe, ko haske ba na iya kallo. Mahaifiyarki ba ta sake neman izinina ba. Ta je tasha ta yi magana da direba, ta dawo ta ajiye mini riga da hula ta ce mota na ƙofar gida. A asibitin Kazaure aka auna jinina aka ga bai hau ba, aka ba mu takarda zuwa Kano wurin likitar jijiyoyi.

Mace ce, ba ta kai ni shekaru ba, sunanta Likita Binta. Ta ce in ɗaga gira, ɗaya ta ɗaga ɗaya ta ƙi. Ta ce in hura kumatu, iska ta fice ta gefe. Ta sa na kwatanta mata ciwon bayan, ta yi ta tambaya a kansa fiye da fuskar ma. Can ta ce, "Malam Umaru, ka yi wata tafiya a 'yan watannin nan?"

Na ce, "Babura nake zuwa ranar kasuwa, sai rugage."

Ban yi niyyar ƙarya ba. Gani nake wata biyu da dawowa, me ya haɗa wancan da wannan? Sai mahaifiyarki ta gyara mayafi ta ce, "Likita, ki yi haƙuri in sa baki. Ya je Turai wata uku. Kuma ya dawo da wani tabo a bayan gwiwarsa, ni na gani da idona. Na yi magana ya ce makero ne."

Likitar ta ajiye biro. Ta ce, "Ka shiga daji a can? Wani abu ya cije ka?"

Daga nan na ba da labarin dattijuwa da safa, kaina a ƙasa. Ta ce a wancan yankin ta yi wani ɓangare na karatunta, kuma ta ga masu irin ciwona da yawa. Sunansa Layim. Ƙwayar cuta ce da ƙaramar kaskar can ke ɗauke da ita. Tana farawa a fata, in ba a tare ta ba sai ta bi jiki, a wasu ta sauka a gaɓoɓi, a wasu zuciya, a wasu jijiyoyi, kamar ni. Ta ce ba ciwon da suka saba gani a nan ba ne, da ba a ambaci tafiyar ba da wuya hankalinta ya je can. Aka ɗebi jinina, aka kuma ɗebi ruwa a gadon bayana da wata doguwar allura. Na ruwan ya nuna akwai kumburi. Na jinin sai da aka aika da shi wani wuri, ta ce zai daɗe, ba za ta jira shi ba.

To ga shawara a nan, kuma har bayan kin dawo gida tana aiki. Likita ba ya ganin inda ƙafarki ta taka. Ki faɗi inda kika je, da abin da ya cije ki, da abin da kika riga kika sha, har wanda kike jin kunyar faɗa. Ki bar shi ya zaɓi abin da ke da amfani a ciki, ba ke za ki tace masa ba.

Na zauna ina jiran a ce an ba ni gado, a rataya mini ƙarin ruwa, a yi ta zuba allurai. A ganina ciwon da ya karkatar da fuskar namiji abin da ya dace da shi ke nan. Sai ta miƙo mini takarda. Ƙwaya ce, doksisaikilin, safe da yamma, sati uku. Sai maganin ɗigawa a ido, da filasta da zan riƙa manne fatar idon in zan kwanta.

Na ce, "Likita, shi ke nan?"

Ta ce, "Shi ke nan."

Na ce, "Tun daga Roni na taso, a ba ni kafso irin wanda ake sayarwa a tire a kasuwa? Ki taimaka ki yi mini allura. Ciwon nan a jijiya yake."

Ba ta ji haushi ba. Ta ce, "Malam, ƙwayar nan tana isa inda ciwon yake. In ka sha ta yadda ya kamata, tana shiga jini ta kai ga jijiyar. Akwai waɗanda nake kwantarwa in ba su ta hanyar jini: wanda abin ya shiga ƙwaƙwalwarsa sosai, ko ya taɓa masa zuciya, ko wanda ba ya iya haɗiya. Na duba ka, ba ka cikinsu, ka gode wa Allah. Zafin allura ba shi ne ƙarfin magani ba."

Sai ta juya ga mahaifiyarki, ina jin ta riga ta gane wanda ke saurare a cikinmu. Ta ce a sha da ruwa cikakken kofi, a zaune ko a tsaye, kada a kwanta sai an jima. Kada a haɗa da nono ko madara, ko kunun kanwa, ko maganin ƙarin jini, a bar tazarar awa biyu ko uku tsakani, don suna kama maganin a ciki su hana shi shiga jiki. A guji rana mai zafi. Kuma ko an ji sauƙi, a kai ƙarshe.

Duka huɗun na karya, Ummi, cikin sati ɗaya.

Baffanki Hamidu da ya ji an dawo, kullum sai ya aiko da ƙwaryar kindirmo a bayan ɗan acaɓa, don a wurinsa ba abin da ke tayar da majinyaci kamar nono. Ni kuma fura ce kaɗai nake sha ba wahala. Sai in jefa ƙwayar a baki in kora da ludayin fura. Mahaifiyarki ta tuna mini, na ce nonon da ya raine ni ba zai cuce ni ba. Da yamma kuma ina kishingiɗe nake haɗiye ta da ɗan kurɓin ruwa, har wata rana ta maƙale mini a ƙirji, na kwana biyu ina jin kamar na haɗiyi barkono. Ranar kasuwar Babura na naɗe fuska da rawani na hau babur da tsakar rana, don akwai shanun da aka shigo da su daga ƙetaren iyaka da nake so in duba da kaina. Na dawo bayan hannuwana da wuyana suna raɗaɗi kamar an zuba ruwan zafi. Duk wannan na ɗora wa maganin, ban ɗora wa kaina ba.

A kwana na shida ciwon bayan ya yi sauƙi, amma fuskar ko motsi. Na tsaya gaban madubi na yanke hukunci ni kaɗai: abin da ƙwayar za ta iya ta yi, sauran aikin allura ne. Na tura ragowar cikin aljihun wata tsohuwar riga, na riƙa cewa na sha. Ba a yi kwana goma ba ciwon ya dawo, har da tsamin wuya.

Abin da zan faɗa yanzu ko Baffanki bai sani ba. A cikin akwatin aikina akwai kwalbar allurar nan mai ruwan ƙasa-ƙasa da muke yi wa shanu, kin san ta, kin yi aiki da ita. Na san danginsu ɗaya da ƙwayar da aka ba ni, sunayensu ma sun yi kama. Wata safiya bayan kun tafi makaranta na shiga sito na buɗe akwatin. Na yi lissafin nauyina yadda nake yi wa maraƙi. Na zuƙi maganin a sirinji, na zauna a kan buhun gero ina neman wuri a cinyata.

Mahaifiyarki ta turo ƙofa da tsintsiya a hannu. Ta dubi sirinjin, ta dube ni.

Ta ce, "Malam, wace saniya ce ba lafiya?"

Na ce, "Babu."

"To wa za a yi wa?"

Na ja riga na rufe cinyata. Ba ta yi ihu ba, ba ta kai hannu ba. Ta jingine tsintsiyar ta zauna a bakin ƙofa. Ta ce, "Shekara nawa kana dawowa gidan nan kana yi mini ƙorafin makiyaya? Ka ce a yi wa saniya kwana biyar, su yi ɗaya su ɓoye sauran. Ka ce kada mutum ya taɓa maganin dabba, su taɓa. Har cewa kake jahilci ne. Su ba su yi makaranta ba. Kai fa?"

Na ce, "Ba ki san abin da nake ji ba."

Ta ce, "Ban sani ba. Amma na san ƙwayoyinka suna aljihun shuɗiyar rigarka, tun shekaranjiya na gan su ina haɗa wanki, ina jira in ga ko za ka faɗa mini da kanka. In ka ce sai ka yi allurar nan, ƙarfinka ya fi nawa, ba zan iya ƙwacewa ba. Amma ka dakata in aika a ɗauko yara daga makaranta, su gan ka tukuna."

Na daɗe ina kallon sirinjin. Sannan na matse ruwan a ƙasa.

Ke ma za a ba ki makullin ɗakin magani, Ummi, kuma za ki san sunan kowace kwalba da aikinta. Ranar da ba ki da lafiya ki ajiye wannan sanin a gefe. Mai ciwo ba ya ganin kansa daidai, komai iliminsa. Ni da nake hana mutane, sai da na zauna a kan buhu da allurar shanu a hannu, kuma a lokacin gani nake hankali nake yi. Maganin dabba an haɗa shi don jikin dabba, da ƙarfinsa da abin da aka narka shi a ciki. Kada ki rubuta wa kanki magani, kada ki rage, kada ki ƙara. In abin da aka ba ki yana damun ki, ko ba ki yarda da shi ba, ki koma ki faɗa wa wanda ya ba ki, ido da ido. Wannan ba rashin ladabi ba ne. Ɓoyewa a aljihu ne rashin hankali.

Washegari muka koma Kano. Na faɗa wa Likita Binta komai, har sirinjin. Ta ce, "Alhamdu lillahi da Hajiya ta shigo." Ta sake duba ni tun daga kai, ta saurari zuciyata, ta ce har yanzu ƙwayar ce maganina, amma daga farko za a sake. A lokacin sakamakon jinin ya iso, ya tabbatar da abin da ta zata.

Wannan karon maganin a hannun mahaifiyarki ya zauna. Da safe bayan na karya da koko da ƙosai, ta kawo ƙwaya da kofin silba cike da ruwa, ta tsaya sai na shanye. Bayan magariba haka. Fura ta koma azahar, tsakiyar tazara. Baffanki ya ji haushi da aka ce nononsa sai da lokaci, har ya yi kwana biyu bai aiko ba, daga baya ya huce. Na ɗauki hutu a ofis da sunan ciwona na gaskiya. Na koma masallaci da karkatacciyar fuskata, aka yi mini sannu kwana biyu, a na uku kowa ya shiga harkarsa. Abin da na ɓuya dominsa kwana goma sha ɗaya, iyakarsa ke nan.

Ciwon baya ya tafi a cikin satin farko, bai sake dawowa ba. Amma ranar da na haɗiyi ƙwayar ƙarshe fuskata tana nan yadda take. Na koma na ce a ƙara mini wani zagayen. Likitar ta ce a'a. Ta ce maganin ya gama aikinsa, ya kashe abin da ya shigo. Jijiyar da ta ji rauni kuma da kanta za ta farfaɗo, a hankali, kuma ko buhu na sha ba zai sa ta sauri ba, sai dai ya ɓata mini ciki. Ta koya mini yadda zan riƙa motsa fuskar a gaban madubi, ta ce in ci gaba da kula da idon.

Haƙurin nan ya fi shan maganin wuya. Sai da aka fara yankan dawa, wata rana ina aske gemu, na ga gefen bakina ya ɗan motsa. Na kira mahaifiyarki na ce ta duba ko idona ne. Ta duba ta ce, "Sake." Na sake. Ta juya ta koma madafa, ina jiyo ta tana share hanci. Kafin a kai amfanin gona rumbu ina rufe ido, ina kurkure baki. Abu ɗaya ya rage: idon hagun nan da ke hawaye in ina cin abinci, wanda kuke tsokanata a kansa ina ce muku yaji ne. Ba yaji ba ne. Jijiyar ce ta warke da ɗan kuskure. Ko jinkirina ne ya jawo, ko dama haka zai kasance, likitar ta ce ba ta da tabbas. Ni dai na san ban taimaka ba.

Akwai wani kuskuren da na kusa faɗawa bayan na warke, shi ma ki kiyaye shi. Kusan shekara guda, da na ji gajiya ko ciwon kai sai in ce abin ne ya dawo, in ji kamar in tsaya a kemis in sayi kafson. Sau biyu ina komawa Kano a duba ni a ce lafiyata ƙalau. Wanda ya raina magani jiya, shi ne mai son shan sa ba dalili yau. Kada tsoro ya hana ki aikinki. Ki shiga dajin, ki yi abin da ya kai ki, ba kowace kaska ke ɗauke da cuta ba, kuma ciwon yana da magani. Kada kuma ki ɗauki sunan ƙwayata ko yawan kwanakina ki ce su ne naki. Kowa da abin da ya dace da jikinsa, kuma mace akwai lokutan da ba a ba ta wannan maganin, in lokacin iyali ya zo likita zai tambaye ki, ki ba shi amsa ta gaskiya.

Abu na ƙarshe. Na san halinki, irin nawa ne. In ba ki da lafiya a can za ki ce kada a tayar wa su Abba hankali, ki kira mu kina dariya ki ce komai lafiya. Kada ki yi mana haka. Ki samu mutum ɗaya a can, mace mai hankali, wadda za ta san halin da kike ciki, wadda kuma kika ba ta damar ta faɗa miki gaskiya ko ba ki so.

Na dakata a nan ɗazu, da kika fita sallama da maƙwabta, na kira mahaifiyarki na karanta mata abin da na rubuta. Ta gyara mini wuri biyu. Sai na ce mata duk shekarun nan ban taɓa ba ta haƙuri a kan faɗan da na yi ta yi mata a lokacin ba, ban kuma taɓa yi mata godiya ba. Ta ce ta yafe tun ranar, kuma in daina tsufa a gabanta. Ta tashi, har ta kai ƙofa ta juyo ta ce, "Ka ƙara mata layi ɗaya. Ka ce in ta ji ko ciwon kai ne, ni za ta fara kira, ba kai ba."

To na ƙara. Kuma gaskiyarta ne.

Allah Ya yi miki albarka, Ummi. Ya ba ki abin da kika je nema, Ya raba ki da ciwo da girman kai, Ya sa ki riƙe sallarki a inda ba mai tuna miki. Mun ba Allah ajiyarki, Shi da ba a rasa abin da aka ba Shi. Ya kai ki lafiya, Ya dawo mana da ke lafiya, Ya sa muna raye mu tarye ki.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Umaru